Ƙanzon Gulbi: Shin Soso Dabba Ne?

Tambaya

Ni malami ne, ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a nan Gummi. Kwanakin baya muna darasin rabe-raben halittu, muka zo inda littafi ya jera dabbobin da ba su da ƙashin baya, sai ga soso a farkon layi. Aji ya kwashe da dariya. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, soson da ke bisa dangarmu ai innata ta shuka shi." Na ce musu wannan na teku ne, daban yake da namu. Suka ce to yaya yake, me yake ci, ina bakinsa? A nan na ƙare, don ni kaina ban taɓa ganin teku ba sai a talabijin.

Abu na biyu, a ranin da ya wuce na raka wani abokina masunci bakin Gulbin Zamfara. Ruwa ya ja baya sosai. A jikin saiwoyin wata giyayya da kan duwatsun da ke gindinta na ga wani abu ya manne, launinsa toka-toka, kamar ƙanzo a gindin tukunya, duk jikinsa 'yan ƙananan huji. Na ɓantaro, ya marmashe a hannuna, daga nan hannun ya kama ƙaiƙayi har dare. Abokina ya ce sun san shi, in ya maƙale a taru ba su son taɓa shi. Shin mi ne ne wanga abu? Yana da dangantaka da soson da littafi ke faɗi? Kuma ba ya ɓata ruwa? Kun san abin da 'yan uwanmu na Anka da Bukkuyum suka gani a lokacin gubar dalma, shi ya sa duk baƙon abu a ruwa yake tayar mana da hankali.

Malamin kimiyya, Gummi, Jihar Zamfara.

Amsa

Malam, Allah ya saka da alheri, ya yi wa ɗalibanka albarka.

Gobe in ka shiga aji, ka fara gaya wa yarinyar nan cewa gaskiyarta ce. Soson da innarta ta shuka tsiro ne, ɗan uwan kabewa da duma da kankana. Yana yaɗo, yana fure, yana 'ya'ya, in ɗan ya bushe a ɓare shi a kaɗe irin, a sami zaren nan da muke cuɗa da shi. Babu inda ya haɗa jini da dabba. Rikicin a suna yake. Mu Hausawa duk abin da ke shan ruwa a matse shi, ko a goge jiki ko kwano da shi, soso muke ce masa: ga katifar soso, ga soson buhu, ga soson ƙarfe. Mutanen bakin Bahar Rum kuwa, tun shekaru dubbai da suka wuce, nutso suke yi su ciro wata halitta daga ƙarƙashin teku, su bar naman jikinta ya ruɓe, su wanke, abin da ya rage mai laushi su yi wanka da shi. Har yau tsibirin Kalimnos na ƙasar Girka ya yi suna a wannan sana'a. Sunan abin wankan ne ya bi halittar da dukan danginta, da littattafai suka iso gare mu kuma aka fassara da kalmar da muke da ita. Wato aiki ne ya haɗa su, ba asali ba.

Abin da ya fi burge ni a wasiƙarka shi ne, amsar da ka rasa a aji ka riga ka riƙe ta a hannunka a bakin gulbi. Yadda ka kwatanta abin, mannewarsa da hujinsa da marmashewarsa da ƙaiƙayin, duk alamun soson ruwan daɗi ne, ɗan uwan na teku na jini. Masana sun ƙidaya nau'in soso sama da 9,000 a duniya. Kusan dukansu a teku suke, amma kimanin 250 suna zaune a koguna da tafkuna, har da na Afirka. Zan nuna maka a ƙarshe yadda za ka tabbatar da kanka, don bai kamata malamin kimiyya ya tsaya kan zancen wanda bai ga abin ba. Bari mu fara da tambayar yaran: ina bakinsa?

Ba shi da baki. Ba shi da ciki, ba zuciya, ba ƙwaƙwalwa, ba jijiya. Ka ce wa yaran su tuna da suri. In aka fasa suri za a ga lunguna da ɗakuna sun sassarƙe, iska na ratsawa ta ciki. To haka jikin soso yake, sai dai shi ruwa ne ke ratsa shi. Ruwan yana shiga ta dubban ƙananan huji da ido ba ya iya rarrabewa, ya bi lunguna ya faɗa cikin wasu 'yan mitsi-mitsin ɗakuna. Bangon kowane ɗaki jere yake da ƙwayoyin halitta, kowace da zare guda kamar bulala, da wani ɗan zobe a gindin zaren mai kama da rariya. Bulalun nan suna kaɗawa dare da rana, su ke jan ruwa. Rariyar kuma tana tare abin da ruwan ya ɗauko, bakteriya da ɓarɓashin matattun ganyaye da makamantansu, ƙwayar ta haɗiye. Ruwan da aka tace sai ya taru a manyan lunguna ya fita ta 'yan manyan ƙofofi, waɗanda su ne hujin da idonka ya gani. Da wannan ruwa yake numfashi, da shi yake fitar da ƙazantarsa. An auna wani ɗan ƙaramin soson teku mai tsawon santimita 10 da kaurin ɗan yatsa, aka ga yana tace lita 22 da rabi a kwana guda. Ka ga jarka guda ke nan, ta bi ta cikin abin da bai fi alli biyu a haɗe ba.

Su ma Turawa sun daɗe suna yi wa zancen irin dariyar da ajinka ya yi. Ƙarni da ƙarni suna jera soso cikin tsirrai, ko su ce yana tsakiya. A 1765 wani Bature ɗan Birtaniya, John Ellis, ya lura ƙofofin suna fitar da ruwa. Wajen 1825 Robert Grant na jami'ar Edinbara ya sa soso mai rai a cikin ruwan teku a ƙarƙashin madubin likita, ya bi ruwan da ido daga mashiga zuwa mafita, kuma shi ne daga baya ya raɗa wa dangin suna Porifera, wato masu huji. Dalilan da suka sa aka ce dabba ne ba su da wuyar faɗa wa yaro. Tsiro yana haɗa abincinsa da hasken rana, soso kuwa ci yake yi. Ƙwayoyin jikinsa ba su da taurin bango irin na tsiro. Yana da maniyyi da ƙwai. Kuma jaririnsa yana iyo: ɗan mitsitsin abu ne mai gashi-gashi, ya yi yawo a ruwa na wasu sa'o'i ko 'yan kwanaki, ya sami wurin da ya yi masa, ya manne, daga nan ba ya sake tashi har mutuwa. Burbushin danginsa da aka tono a duwatsu ya haura shekaru miliyan 500.

Akwai gwajin da na tabbata zai sa ajin ya yi tsit. A 1907 wani masani a Amurka, Henry Wilson, ya ɗauki wani jan soson teku ya matse shi ta cikin ƙyallen siliki, kamar yadda mata ke tace gasara, har ya koma ruwa-ruwa, kowace ƙwaya ta rabu da 'yar uwarta. Ya bar su a kwano. Sai ƙwayoyin suka riƙa rarrafawa suna neman juna, suka dunƙule, bayan wasu kwanaki suka gina sababbin 'yan ƙananan soso masu ƙofa da lungu. Ka tambayi yaran wace dabba suka sani da za a yi wa haka ta tashi.

Yanzu bari in ɗauki na teku guda ɗaya in nuna maka shi kusa-kusa, wanda ya fi kama da ƙanzon da ka gani. Sunansa a wurin masana Halichondria panicea. Wani Bajamushe, Peter Pallas, ya fara bayyana shi a rubuce a 1766, kuma rabin sunan na biyu daga kalmar burodi ta Latin ya fito, don in ya bushe marmashewa yake yi kamar tsohon burodi. Yana zaune a gaɓar tekun Atlantika ta arewa, Ingila da Faransa da Norwe, har cikin tekun Baltik inda gishirin ruwa bai da yawa, yana kuma arewacin tekun Pasifik. Teku tana cikowa tana janyewa sau biyu a kwana. In ta janye, sai a leƙa ƙarƙashin leɓen dutse ko a ɗaga ciyawar teku, a tarar da shi ya shimfiɗu, wani kamar tafin hannu, wani ya fi faifai faɗi. Yana son inuwa da laima, don rana da iska suna busar da shi. Ƙofofinsa suna tasowa sama kamar tsibin ƙasar da tururuwa ke tarawa a bakin raminta, wani lokaci a jere bisa layi. A duhu launinsa rawaya-rawaya ne, inda haske ke samunsa kuwa kore yake zama, saboda wata gansakuka da ke zaune a cikin naman jikinsa. Waɗanda suka shinshina shi suna kwatanta warinsa da na albarushin da aka harba. Bayan bakin gaɓa, ana samunsa a ƙasa har zurfin da ya wuce mita 500, yana kuma manne wa ginshiƙan tashar jiragen ruwa da bayan ƙaguwa. Babban mai cinsa wani irin dodon koɗi ne mara kwanso, wanda launinsa ya saje da na soson har da wuya a gan shi a kai.

Abubuwa biyu nake so ka riƙe game da shi, don su ke nuna cewa wannan shimfiɗar tana da rai, tana kuma jin abin da ke faruwa da ita. Na farko, a shekarun 1980 wani masani, Stephen Palumbi, ya riƙa ɗebe shi daga inda ruwa yake kwance yana dasawa inda igiyar ruwa ke dukan dutse. Cikin 'yan makonni sai soson ya fara gina jiki mai tauri, ya matse lungunansa. Wanda aka ɗauko daga wurin duka aka kai wurin kwanciyar hankali kuwa bai yi saurin sakin jiki ba, sai da ya jinkirta. Dabbar da ba ta da ƙwaƙwalwa, amma tana gaggawar shiri in wuya ta zo, tana nawar sakaci in daɗi ya zo. Na biyu, masana a Kiel ta Jamus sun lura yana yin saɓa kamar maciji, kusan kowane mako uku, ya zubar da fatar sama tare da laka da ƙananan halittun da suka fara zama a kanta. Dalili a fili yake: wanda rayuwarsa duka ta rataya a kan huji, babban abokin gabansa toshewa ce. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

In wani yaro ya ce me ya haɗa mu da teku, ka gaya masa ƙasar Sakkwato ta taɓa zama ƙarƙashin teku, kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita cike take da kwanson halittun teku.

Mu dawo gindin giyayya. Na teku ruwa yana barinsa na sa'o'i kaɗan ya dawo. Naka kuwa ruwa yana barinsa wata da watanni. Yaya dabbar da ba ta iya tashi daga wuri, kuma ba ta rayuwa sai da ruwa yana ratsa ta, take tsallake bazarar Zamfara? A nan ne abin mamakin yake, kuma a nan nake so ka daɗe da yaran.

Da damina gulbi ya cika ya malala fadama, saiwoyi da rassan ƙasa-ƙasa su nutse. Soso ya manne ya yi ta yaɗuwa, mai laushi, fari-fari ko ruwan ƙasa, ko kore in rana na isa gare shi. Da ruwa ya fara ja, sai wasu ƙwayoyin jikinsa su cika cikinsu da abinci su taru dunƙule-dunƙule. Kowane dunƙule a naɗe shi da ɓawo mai tauri, a jera masa 'yan ƙananan allurai kamar an yi wa rumbu shinge da ƙaya, a bar wata 'yar ƙofa guda a toshe. Girman kowane bai kai ƙwayar irin alayyafo ba, launinsa kamar na riɗi. Daga nan uwar ta mutu, ta bushe, ta zama wannan ƙanzon. Abin da ka ɓantaro kangon gida ne, amma da rumbu a ciki. Ƙwayoyin nan suna jure rana da hunturu, iska ta ɗauki wasu, wasu su maƙale a ƙafar tsuntsu su tafi wani tafki. Ranar da ruwa ya sake rufe su, ƙofar ta buɗe, abin ciki ya malalo ya baje a kan saiwar, cikin 'yan kwanaki ya haƙa lungunansa ya fara jan ruwa. A Turai da wannan dabara danginsa ke tsallake sanyin ƙanƙara, a wurinmu kuwa fari suke tsallakewa. Abokinka masunci zai gane zancen nan take in ka ce masa dabarar gaiwa ce, wadda ke shigewa cikin laka ta naɗe kanta ta jira damina. Bambancin kawai, gaiwa ita da kanta take jira, soso kuwa iri yake bari.

Ƙaiƙayin fa? Ba dafi ba ne. Ƙashin wannan soso ba irin na wanka ba ne mai laushi. Allurai ne dubbai na sinadarin silika, wanda shi ne asalin yashi da gilashi, kowace ba ta kai rabin milimita ba, da tsini baki biyu. Da ka murje shi, gilashi ka murje a fatarka. Yadda gashin ƙarara ko ƙaiƙayin gero ke soka fata, haka suke yi, kuma susa ƙara tura su ciki take yi. A wanke da ruwa mai yawa da sabulu, a bar shi, zai lafa. Abin da za a kiyaye ƙwarai shi ne ido. A Brazil, inda irin wannan soso yake da yawa a kogunan yankin Amazon, likitoci sun taɓa samun alluransa a idanun yaran da ke nutso ido buɗe a kogin Araguaya. Don haka kada yaro ya taɓa shi sannan ya murza ido, kada kuma a busa garinsa.

Ranar da na fara ganin alluran nan a madubin likita na daɗe ban ɗaga kai ba. Ɗigon ruwa ne guda, ba ka ganin komai a ciki, amma da na daidaita madubin sai ga su birjik, farare tas, suna ƙyalli, wasu sumul, wasu da ƙaya a jiki, kamar an zubar da kwalin allurai a kan tire. Da siffar alluran, musamman na jikin ƙwayoyin irin, masana ke bambanta wannan nau'i da wancan.

Gilashi ba ya ruɓewa, shi ya sa alluran ke zama shaida bayan ƙarnuka. A Mali, a yankin da kogin Neja ke bajewa ya zama fadama wajen Jenne, masu tonon kayan tarihi sun tarar da alluran soso a cikin tsingaron tsofaffin tukwane. Susan McIntosh da Kevin MacDonald sun yi rubutu a kai a 1989. Masana sun yi muhawara kan ko maginan tukwanen ne suka zuba da gangan, ko da yumɓun suka zo. Ko wanne ne, shaida ce cewa soso tsohon mazaunin ruwayen Neja ne, kuma Gulbin Zamfara da Gulbin Ka duk a can suke ƙarewa, bayan sun haɗu da Gulbin Sakkwato a Jihar Kebbi. A bakin Farin Nilu a Sudan ma an sami tukwanen da aka cakuɗa yumɓunsu da soso. Mutanen Amazon kuwa ƙona shi suke yi su zuba tokar a yumɓu, alluran su riƙe tukunya yadda ramno ke riƙe tubali. Ka ga ba baƙo ba ne. Mu ne ba mu tambayi sunansa ba.

Sai tambayarka ta ƙarshe, wadda na san ita ta fi damunka, kuma da dalili. Wanda ya ga abin da ya faru a 2010 ba zai raina tsoron ruwa ko na ƙasa ba. A watan Maris na shekarar ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa da jijjiga, bincike ya nuna dalma ce daga duwatsun zinaren da ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa. Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka, 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Yara sama da 400 suka rasu. Bagega ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai a 2013. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

To soso ba ya cikin masu ɓata ruwa. Tace shi yake yi, yana rage bakteriya da dauɗa. Shi ne ma yake shan wuya in ruwa ya ɓaci. Ka tuna maganar toshewa. Inda ake wankin ƙasar zinare a bakin rafi, ruwa ya koma jajir da laka wata da watanni, ƙofofin soso sukan cushe, ya yi ta ƙoƙarin fitar da lakar har ya gaza. Bugu da ƙari, dabbar da ke ratsa ruwa ninki dubbai na girmanta ta cikin jikinta kowace rana, duk ƙarfen da ke cikin ruwan yana taruwa a namanta. Saboda haka a Turai masana sun yi amfani da soson koguna wajen auna dalma da sauran ƙarafa masu guba: a yanko shi a kai ɗakin gwaji, ya ba da labarin abin da ya bi ta wurin tsawon watanni, ba na ranar da aka ɗebi ruwa kaɗai ba. Ina ganin wannan aiki ne da ya dace ɗaliban jami'o'inmu na Gusau da Sakkwato su ɗauka a kan Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, musamman ƙasa da wuraren wankin zinare, inda ake amfani da zaiba.

Amma ina roƙonka, Malam, kada wani ya ji wannan ya ce tunda akwai soso a wuri, ruwan ya halatta a sha. Dalma ba ta da launi, ba ta da wari, kuma soso yana iya rayuwa ɗauke da ita. Sannan gubar 2010 mafi yawanta ta ƙura da ƙasar tsakar gida ta shiga jikin yara, ta hannun da suke kaiwa baki. Kariyar tana nan inda take: kada a kawo dutsen zinare cikin gida, kada a niƙa shi a injin hatsi, mai aikin ya wanke jiki ya sauya tufa kafin ya ɗauki yaro, in an ga alama a kai yaro a gwada jininsa.

Wani abu a taƙaice, don yaran su san abin da ake raina wa yana da rana. Soso ba ya gudu, ba ya cizo, sai ya kare kansa da sinadarai, daga ciki kuma aka sami magani. Daga wani soson tekun Karebiyan aka sami hasken haɗa maganin sankarar jini da aka fara amfani da shi a 1969. A 1986 masana biyu a Japan, Hirata da Uemura, suka fitar da wani sinadari daga Halichondria okadai, ɗan uwan wanda na kwatanta maka. Kilo 600 na soson ya ba su miligiram 12 da rabi kacal. Sai da aka koyi haɗa makamancinsa a ɗakin gwaji, a 2010 aka amince da shi a Amurka a matsayin maganin sankarar mama, da sunan eribulin. Wannan aikin masana ne na shekaru ashirin da ɗoriya. Ba ya nufin a daka na gulbi a sha ko a shafa. Garin gilashi ne.

Ga yadda za ka tabbatar. Ka je kai da abokinka, a wurin da ke kusa da gari kuma hankali ya kwanta da shi, don mun san halin da hanyoyin yankin suke ciki. Yaran su jira a aji, ko don tsargiya ma bai kamata su shiga ruwan ba. Ka sa leda a hannu, ka yanko guntu tare da ɓawon saiwar da yake kai, ka bar saura. Da farko ka ɗiga masa ruwan lemun tsami ko ruwan kal. In ya yi kumfa, kwanson kawa ne ko wani abu mai alli, don akwai kawar kogi da ita ma take manne wa duwatsu. Soson ruwan daɗi ba ya kumfa. Sai ka juya gindinsa, wajen da ya manne, ka duba da gilashin ƙara girma ko kyamarar waya, ka nemi 'yan ƙwayoyin nan masu launin riɗi. Sannan ka jefa ɗan guntu a ruwan bilic na wanki ya kwana, naman zai narke, wani farin gari ya kwanta a ƙasa. Ka tsiyaye, ka ɗauraye da ruwa sau biyu, ka ɗiga a gilashi. In makarantarku ba ta da madubin likita, ka roƙi mai gwajin jini a asibiti ko ɗakin gwaji ya ara maka minti biyar, ƙaramin ido na madubin ma ya isa.

Na ƙarshe shi ne wanda yaran za su yi da kansu. Ku tsame ƙwayoyi goma ko ashirin da tsinke, ku zuba a wankakkiyar kwalba mai faɗin baki, ku cika da ruwan gulbi da aka tace ko ruwan sama, ba na famfo mai magani ba. Ku ajiye a inuwa, kada a girgiza. A ba yarinyar nan aikin dubawa kowace safiya tana rubutawa. In an dace, cikin mako ɗaya ko biyu za ta ga wani farin tabo ya baje a kewayen wata ƙwaya a gindin kwalbar, kamar ɗigon nono. In ba a dace ba, ku sake da wani guntu daga wata saiwar.

Kuma don Allah ka tambayi abokinka, ka tambayi dattawan Sarkawa masunta, da wane suna suke kiransa, a wane wata suka fi ganinsa, a kan wane itace, kuma ko akwai mashayar da a da ake samunsa yanzu babu. Ka rubuta yadda suka faɗa da bakinsu, ka aiko mana tare da hoton abin da madubin ya nuna.